Kwana a Tanti Ko a Motar Kwana: Wanne Ya Fi Dacewa da Lafiyarka?

A ƙasashe irin su Amurka, Kanada da Jamus, idan lokacin zafi ya shigo, iyalai kan fita hutu zuwa daji ko bakin tafki su yi kwana biyu ko uku. Wasu tanti suke kafawa, wasu kuma su ɗauki hayar babbar mota mai gado, kicin, firji da banɗaki a ciki, wadda Amurkawa ke kira RV. Idan kana karatu ko aiki a can, ko ka je ziyara wurin 'ya'yanka, ba mamaki a gayyace ka. Kafin ka amsa gayyatar, ga abubuwan da ya kamata ka sani.

Hatsarin da ke cikin duka biyun

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke saurin kisa a irin wannan fita shi ne iskar kabon monoksaid, wadda muka sani tana hallaka iyali guda idan aka kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa ne daga duk abin da ke ƙona mai, gas ko gawayi. Idan ka shaƙe ta, tana manne wa jajayen ƙwayoyin jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa iskar da suke buƙata.

A tanti, matsalar takan faro ne idan sanyin dare ya matsa, wani ya shigo da kaskon gashin nama don a ji ɗumi. Gawayi yana ci gaba da fitar da wannan iska sa'o'i bayan ka ɗauka wutar ta mutu. A motar kwana kuwa, daga janareta take zuwa, ko injin ɗumama ɗaki da ya lalace, ko salansar motar da ke fake kusa da tagarka.

Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Mu da muka saba da zazzaɓin cizon sauro muna iya cewa maleriya ce mu sha farasitamol mu kwanta, alhali kwanciyar ce hatsarin. Ka lura da abu biyu: babu zafin jiki, kuma mutane da yawa ne suka kamu lokaci guda. Idan ka ga haka, ku fita fili nan take, a kira agajin gaggawa: 911 a Amurka da Kanada, 112 a ƙasashen Turai.

Kada a yi girki ko a shigar da gawayi cikin tanti. A ajiye janareta aƙalla mita 6 daga taga ko ƙofa. Idan hayar mota za ku yi, ka gwada na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska kafin ku bar wurin masu motar.

Idan kana da ciwo mai daɗewa

Nan ne bambancin ya fi fitowa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya fi samun sauƙi a mota, domin insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Tanti kuwa yakan yi zafi sosai da rana. Idan tantin ne dole, a saka maganin a kula mai sanyi, amma kada ya taɓa ƙanƙara, don insulin da ya daskare ya lalace.

Masu sikila su fi kowa yin hattara. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da wuri mai tudu sosai duk suna tayar da ciwon. Tafkin Yellowstone a Amurka, misali, yana sama da mita 2,300 daga matakin teku, kuma dare yakan yi sanyi ƙwarai ko a watan Yuli. Mota za ta kare ka daga sanyi, amma ba za ta ƙara maka oksijin ba, don haka ka zaɓi wurin da ba shi da tudu kuma yana kusa da asibiti. Mai asma ya nisanci hayaƙin wutar da ake hurawa da dare, kuma maganinsa na shaƙa ya kwana kusa da shi.

Kaska

A arewa maso gabashin Amurka da wurare da dama a Turai, wata ƙaramar kaska tana yaɗa cutar Laim. Mai kwana a tanti ya fi haɗuwa da ita saboda yana kusa da ciyawa. Yawanci sai ta wuce sa'o'i 24 a manne kafin ta sa cutar, shi ya sa duba jiki kowane dare yake da amfani: hammata, bayan gwiwa, matsematsi da cikin gashin yara. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, ba tare da ƙona ta ko shafa mata mai ba. Idan tabo mai faɗaɗa ya fito cikin kwana 3 zuwa 30, ka ga likita. A baƙar fata tabon ba lallai ya yi ja ba, yana iya zama kamar wurin ya ƙara duhu. Ko bayan ka dawo gida ne, ka faɗa wa likita inda ka je.

Kafin ka tashi

Ka ga likitanka makonni 4 zuwa 6 kafin tafiya, ka gaya masa inda za ku kwana. Ka riƙe magungunanka a kwalayensu tare da takardar likita, da ƙarin na 'yan kwanaki. Ka tabbata inshorar tafiyarka ta san da ciwon da kake da shi. Kada ka sha ruwan rafi komai haskensa sai ya tafasa na minti 1, ko minti 3 idan kuna sama da mita 2,000. Mai lafiya zai iya zaɓar duk wanda ya so, amma idan akwai tsoho, jariri, mai juna biyu ko mai ciwo a cikinku, motar kwana a sansanin da ke da lantarki da ruwan famfo ta fi dacewa.