Teɓa Ba Alamar Arziki Ba Ce

A garuruwanmu, idan mutum ya ajiye teɓa sai a ce ya samu, hutu ya zo. Amma kitsen da ke taruwa a ciki ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake tsayawa ba. Yana kewaye hanta da hanji, yana hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata. Daga nan ne ciwon sukari, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suke samun hanyar shiga.

Yaya za ka san cikinka ya wuce kima? Ka samo igiya, ka auna tsayinka daga kai zuwa ƙafa, ka ninka ta biyu. Ka ɗaura ta daidai cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, lokaci ya yi da za ka rage.

Fara da abin sha. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kamar ƙaramin cokali 8. Shayin da ake zagayawa sau uku a majalisa, da sukarin da ake zuba wa fura da koko, duk suna taruwa. Rage su kaɗan-kaɗan har harshe ya saba.

Sai kwanon abinci. Ba a ce ka bar tuwo ba. Ka rage malmala, ka ƙara miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa. Wake, zogale, rama da gero su ne abokanka. Fanke, soyayyen nama da abinci mai mai da yawa, a bar su sai jefi-jefi.

Jiki kuma yana son motsi. Da damina noma ya ishe ka, amma da rani zama ya kan yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. In wurin kusa ne, ajiye babur ka taka. Ɗaure ciki da ɗamara ba ya narkar da kitse. Magungunan rage tumbi na kasuwa, da yawansu gudawa kawai suke sawa, ruwan jiki ya zube, kitse yana nan.

A kula: ba kowane babban ciki ne teɓa ba. Idan ciki na kumbura alhali hannuwa da ƙafafu na ramewa, ko ido ya yi rawaya, yana iya zama ruwa ne ya taru saboda ciwon hanta. Yaro mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu, ana zargin tamowa ko tsutsar ciki. Waɗannan a kawo su asibiti ba tare da jinkiri ba. Mai juna biyu da mai shayarwa kuma kada su rage abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Teɓa ba rana ɗaya ta taru ba, ba kuma rana ɗaya za ta tafi ba. Ajiye igiyar nan, ka sake aunawa bayan wata uku.