Makaɗi da Allon Hanya: Sauri Iri Biyu a Cikin Rauta

Yau zancenmu a kan rauta ne, watau na'urar nan da ke tsaye a mararrabar intanet tana nuna wa saƙonni hanya. Masu koyon aikinta a nan Greensboro, cikin jihar North Carolina ta Amurka, da 'yan'uwansu na Kano da Zariya, duk abu ɗaya ke ruɗa su. A rautar Cisco, a bakin da ake jona wayar da ke aika saƙo ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, akan rubuta umurni biyu, ɗaya clock rate, ɗaya bandwidth. Dukansu suna maganar sauri, amma aikinsu dabam ne.

Ku dubi gayya a gona. Makaɗi ne ke riƙe da aikin: in ya tsananta kiɗa, fartanya ta tsananta, in ya sassauta, kowa ya sassauta. To, haka clock rate yake. Na'urori biyu da ke kan waya ɗaya tilas su bi bugu guda, domin mai karɓa ya san lokacin da ƙwaya ta ƙare, wata ta soma. Gefe ɗaya ne kawai ke bugawa, shi ake kira DCE, ɗayan kuwa, watau DTE, bi yake yi. In layin haya ne, kiɗan daga kamfanin tarho yake fitowa. Amma a ɗakin koyo, inda aka haɗa rauta biyu kai tsaye, sai ɗalibi ya rubuta clock rate 64000 a gefen DCE, ma'ana ƙwaya 64,000 cikin daƙiƙa guda. In babu bugun nan, layin ba ya tashi sam.

Shi kuwa bandwidth ba ya taɓa wayar. Allo ne kurum a bakin hanya, wanda ke gaya wa direba faɗinta. Ko ka kankare allon ka rubuta wani abu, hanya tana nan yadda take. Har wa yau, shi da dubu-dubu ake ƙidayarsa, saboda haka 64 ake rubutawa, ba 64000 ba, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe.

Kada fa ku raina allon. Akwai wata dabara ta zaɓen hanya, OSPF, wadda aka fara bugawa a 1989. Ita takan raba 100,000 da abin da allon ya ce, ta sami tsadar hanya, sa'an nan ta bi mafi araha. In ba a rubuta kome ba, rautar takan ɗauka saurin 1,544 ne. Wannan lamba gadon Amurka ce: layin T1 da kamfanin Bell ya soma aiki da shi a 1962 yana ɗaukar murya 24. Nijeriya kuwa ta bi tsarin Turai, E1, mai 2,048.

Sai mu ƙaddara wani banki yana da layi biyu tsakanin Kano da Katsina, ƙarami mai 64, babba mai 2,048, ma'aikaci kuwa ya manta da allo. Rautar za ta ga dukansu tsadarsu 64, ta raba musu kaya daidai wa daida, kamar a ɗora wa jaki rabin kayan tirela. Ƙaramin ya cushe, saƙonni su zube, mutane su yi ta jira a gaban kanta, alhali babu abin da ya lalace. Da an rubuta gaskiya, da ƙaramin ya zama 1,562, babban 48, kayan duka su bi babbar hanya.

Yanzu wayar gilashi ta ture yawancin irin waɗannan layuka, amma OSPF har gobe allon nan take karantawa.