Rana tana nan, waya ce babu: izinin manyan layukan wuta da rabon Magarya da Dungas

A watan Mayun 2023 kamfanin Savannah Energy na Ingila ya sanar da yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin Nijar don gina tashoshin wutar hasken rana guda biyu, ɗaya kusa da Maraɗi, ɗaya kusa da Damagaram, kowace mai ƙarfin megawat 50 zuwa 100. Cikin sanarwar akwai bayanin da masu murna ba su tsaya a kansa ba. Tashoshin za su zuba wutarsu ne a layukan tsakiyar kudancin ƙasar, waɗanda a lokacin aka sa ran haɗa su da na ɓangaren Yamai zuwa 2026 da kuɗin Bankin Duniya. Wato tasha tana jiran waya, waya kuma tana jiran sa hannun hukumomi da na masu ba da bashi. Wata biyu da rabi bayan sanarwar sojoji suka karɓi mulki, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, masu ba da bashi suka rufe aljihu.

Mutumin Bande ko Waca ko Dogo-Dogo yana iya cewa wannan zancen manya ne. Ni kuwa ina ganin babu wanda ya fi shi hakki a cikinsa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 900,000 a gundumomin Magarya da Dungas idan an haɗa su, a ƙasar da ƙauye ke hango ƙauye. A Nijar, inda nisan daji ke cinye kuɗin ja wa mutane wuta, samun jama'a a cunkushe haka babbar dama ce: kowace kilomita ɗaya ta waya za ta iya ciyar da gidajen da ba za a same su a Tanut ko Gure ba. Amma duk da haka yawancin ƙauyukan yankin fitilar hannu ce haskensu, kamar sauran karkarar Nijar, ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki.

Dalilin yana cikin yadda aka shimfiɗa layukan tun farko. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ba shi da layi guda da ya ɗinke ƙasar. Yamai, Dosso da Tillaberi suna shan wuta ta layin Birnin Kabi mai kilobolt 132 da aka buɗe a 1976. Maraɗi, Tawa da Damagaram suna rataye da wani layin dabam, shi ma mai kilobolt 132, wanda ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, daga nan ya rabu gabas da yamma. Abin da wannan layi ke ɗauka ko a kan takarda bai wuce megawat 60 ba, kuma jihohi uku ke rabonsa. An ƙara masa 'yan taimako: layin da ya haɗa matatar mai ta SORAZ da birnin Damagaram, tashar Istithmar mai megawat 22, da tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. Magarya, mai nisan kusan kilomita 90 kudu da Damagaram, ba ta kan babban layin, Dungas ma haka. Abin da ke isa irin waɗannan wurare ƙananan layuka ne, kuma duk wanda ke zaune a wutsiyar dogon layi ya san halinsa: wuta ta zo ba ƙarfi, injin niƙa ya yi gurnani ya ƙi tashi, idan aka zo rabon ƙarancin wuta kuma shi ake fara yankewa.

Me ya sa maganar gyara da ƙarfafa layukan ta taso da ƙarfi yanzu? Babban dalili shi ne darasin watan Agustan 2023. Kafin lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma an wayi gari babu ita har sai Maris na 2024. Da ta dawo ma ba ta dawo yadda take ba. A 2024 hukumar kula da lantarki ta Najeriya ta ƙayyade cewa abin da za a fitar wa maƙwabta kada ya wuce kashi 6 cikin 100 na wutar da ke kan layukan ƙasar, a watan Oktoba na shekarar kuma yawancin arewacin Najeriya, har da Kano da Katsina, ya yi kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Wanda ke jiran ragowar Katsina, ranar da Katsina ta rasa ba shi da ta cewa. Ga kuma tsadar mai. Cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023 ya karya kasuwar 'yan ruwa-ruwa, wadda shekaru da yawa ita ke shayar da injunan ban ruwa na fadamun Korama da janaretocin kasuwannin kan iyaka. A daidai wannan lokaci farashin faifan sola ya faɗi a duniya. Duk wanda ya yi lissafi zai ga inda hanya ta nufa.

Sai dai wutar rana tana da halinta, kuma layin da aka gina don karɓar wuta daga wuri guda bai san wannan hali ba. Tana cika da hantsi zuwa azahar, tana raguwa farat ɗaya idan hadari ya taso ko ƙurar hunturu ta rufe sama, tana ɓacewa da magariba, lokacin da kowane gida ke kunna fitila da fanka. A sa tashar megawat 100 a kan layin da bai saba ɗaukar fiye da 60 ba, da tsakar rana wutar za ta rasa inda za ta, da dare kuma a koma gidan jiya. Mafita uku ce: a haɗa yankin da wani yanki mai yawan masu sha, a ƙarfafa tashoshin rarrabawa da na'urorin daidaita ƙarfin wuta, a kuma kafa manyan batura. Shi ya sa aikin Haske, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 317.5 a Disamban 2021, ya sa layin Zabori zuwa Malbaza, wanda zai haɗa yankin da ɓangaren Yamai, a gaba. Ko turke ɗaya na wannan layi ba zai tsaya a ƙasar Magarya ba, amma shi zai nuna ko Damagaram za ta iya karɓar babbar tashar rana.

Izinin kafa irin wannan layi ƙofofi ne da yawa. Dokar lantarki ta Mayun 2016 ta buɗe wa 'yan kasuwa damar samar da wuta, hukumar ARSE da aka kafa a ƙarshen 2015 kuma ita ke duba farashi da yarjejeniyoyi da ingancin aiki. Tambayar da ke gabanta ba ƙarama ba ce: kuɗin sabon layi wa zai biya? Idan an ɗora wa mai mita, talaka ya koka, idan an bar wa NIGELEC, bashi ya danne shi, ɗan kasuwan da zai gina tasha kuma ba zai zuba kuɗinsa ba sai ya tabbata mai sayen wutar zai iya biya shekara ashirin. Bayan ita akwai BNEE, ofishin da dokar 2018 ta ɗora wa nauyin binciken illar aiki ga muhalli da jama'a kafin a ba shi takardar shaida. Sannan masu ba da bashi suna da nasu sharuɗɗan, waɗanda sau da yawa sun fi na gida tsauri, kuma su siyasa na iya rufe ƙofarsu dare ɗaya, kamar yadda Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi bayan juyin mulki har zuwa 2024. Layukan da ke tsallaka iyaka kuma suna ƙarƙashin tsarin haɗin wutar Afirka ta Yamma na CEDEAO, ƙungiyar da Nijar ta fice daga cikinta a Janairun 2025.

Ƙofar da ta fi shafar manomin Magarya ita ce ta ƙasa. Babban layi yana buƙatar fili a ƙarƙashinsa wanda ba a gina ɗaki a ciki, ba a barin dogon itace. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya ta adalci kafin a taɓa gonar mutum. A wurin da daji ke da faɗi wannan ba wuya. A Magarya da Dungas kuwa gado ya yanyanka gonaki har wani magidanci bai mallaki eka guda cikakkiya ba, da yawa kuma aro ne ko jingina ko saye na baka ba takarda. To wa za a biya, mai gona ko mai noma ta? Matar da mijinta ya yanka mata gamana fa? Hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, daga na gunduma har na ƙauye, domin irin wannan rana aka kafa su, kuma ƙarfinsu ko rauninsu shi zai raba gardama.

Sai gawo. Tun daga shekarun 1980 manoman Magarya, Matamai da Mirya suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu suna sassabe shi, har binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu na 2006 ya kiyasta kusan kadada miliyan ɗaya da ta sake rufuwa da itatuwa a yankin. Duniya na kawo wannan a matsayin abin koyi. Gawo taki ne, domin da damina yake kaɗe ganye gero ya samu rana da abinci a gindinsa, 'ya'yansa abincin bisashe ne da rani, rassansa makamashi ne. Wanda ya zo da takardar diyya ya ƙiyasta shi kamar itacen girki ya zalunci mutumin da ya yi shekara ashirin yana renonsa. Zai zama abin takaici a sare itatuwan da talaka ya tsare da hannunsa da sunan kawo wutar da ba ta ɓata muhalli, alhali karkatar da layi kaɗan ko bin gefen hanyar mota na iya tsirar da ɗaruruwansu. Irin wannan gyara a wurin taron jin ra'ayin jama'a ake samunsa, idan taron na gaske ne. Kuma tun da aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙon ƙwarya, nauyin faɗin gaskiyar manomi ya ƙara komawa kan sarakuna da masu gari da ƙungiyoyin manoma.

Masu gaggawa suna cewa duk waɗannan ƙofofi ɓata lokaci ne. Ba na tare da su gaba ɗaya, domin abin da ya faru a tsallaken iyaka ya nuna inda jinkirin ke fitowa. A Yulin 2016 Najeriya ta sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin rana da jimillarsu ta haura megawat 1,000, har da wadda aka shirya a Kankiya ta jihar Katsina da wadda aka shirya a Dutse ta Jigawa. Shekaru suka wuce ba a gina su ba, kuma ba manomi ne ya hana ba: gardamar farashi ce da ƙin gwamnati ta tsaya wa bashin. Tashar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10 kacal ta ci fiye da shekara goma. A Afirka ta Kudu kuma, a zagayen gwanjo na Disamban 2022, an ware megawat 3,200 ga wutar iska amma ba a zaɓi ko aiki ɗaya ba, don layukan yankunan da iskar take sun cika. Kuɗi da rashin shirya waya tun da wuri ke kashe ayyuka. Diyyar gawo ba ta kashe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kafin manya su gama, jama'a sun kama gabansu. Faifan sola ya hau rufin shago da masallaci da ɗakin shan magani, masu cajin salula da masu firjin ruwan sanyi sun mayar da shi jari, masu lambu suna sauya injin fetur da famfon rana. Alheri ne, amma yana da iyaka. Faifai biyu da batir ba sa tayar da injin walda ko na casar riɗi ko na matsar man gyaɗa, wato sana'o'in da za su hana saurayi tafiya ci-rani Kano ko Libiya. Kuma masu hali ne ke saye. Ranar da waya ta iso, za a tarar attajirin gari da mai babban shago sun riga sun wadata kansu, sauran masu ƙaramin ƙarfi ne waɗanda kuɗin wutarsu ba zai mayar da jarin layin ba, sai a ce ƙauyen bai cancanci a ja masa wuta ba. Jinkirin yau yana ƙara tsadar gobe ta wannan hanya.

Saboda haka abin da nake so in ga ARSE da ma'aikatar makamashi sun yi shi ne su ɗaura sharaɗi a jikin izinin kansa. Duk babbar tashar rana ko layin da za a amince wa a jihar Damagaram, a rubuta a takardarsa ƙauyuka nawa za su samu taransifoma, da sunayensu, da shekarar da za a kai musu, kuma a karanta wannan a gidajen rediyon karkara da Hausa. Tsarin ƙasa na 2018 ya yi alkawarin kashi 80 cikin 100 na 'yan Nijar za su samu wuta zuwa 2035, kuma ba a ga yadda za a kusanci wannan adadi ba tare da waɗannan gundumomi biyu masu cunkoso na jihar da ta fi kowace yawan jama'a ba. Inda waya ba za ta kai nan kusa ba, hukumar ANPER mai kula da wutar karkara ta bar 'yan kasuwa su kafa ƙananan tashoshin rana na gari guda, amma a faɗa musu tun ranar farko abin da zai faru da jarinsu idan layin NIGELEC ya iso: za a saye tashar ne, ko za su riƙa sayar wa kamfanin wuta, kuma a kan nawa. Muddin ba a rubuta wannan ba, babu mai kuɗin da zai kafa tasha a Guci ko Mallawa.