Mujallar Kwabo Ɗaya: Masu Tara Tsoffin Mujallun Ilimi Na Tsere da Almakashi da Gara

A ranar 31 ga Maris, 1832, wata mujalla mai shafuka takwas ta fito a titunan Landan, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Sunanta The Penny Magazine, mawallafinta kuwa Charles Knight ne, wanda ya buga ta a madadin wata ƙungiya da aka kafa a 1826 domin yaɗa ilimi mai amfani ga talakawa. A shekararta ta farko ta kai ana sayar da kofe kusan 200,000 a mako. Yau ragowar waɗannan kofe na hannun ɗakunan karatu da masu sha'awar tara tsoffin littattafai.

Sirrin mujallar yana cikin zanenta. Masassaƙa kan zana dabba ko gini ko injin a kan guntun katako mai tauri, a haɗa shi da haruffa, a buga da injin tururi. Ta haka leburan masaƙa wanda bai taɓa barin garinsu ba ya ga siffar raƙumin dawa da dalar Masar. Ba a jima ba aka kwaikwaye ta: a 1833 Pfennig-Magazin ta fito a Leipzig ta Jamus, Le Magasin pittoresque kuma a Faris. Ita kanta The Penny Magazine ta tsaya a 1845.

Da yake an buga su da yawa, fitowar mako guda ba ta da wata tsada. Abin da masana harkar ke nema shi ne kundin shekara cikakke, da shafin take da jerin abubuwan da ke ciki, ba a cire ko ganye ɗaya ba. Shi ya sa mai saye na gari ke ƙirga shafuka kafin ya tambayi farashi. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne wasu dillalai kan yayyanka kundi, su sayar da zanen ɗaya-ɗaya don a rataya a bango, domin hakan ya fi kawo riba. Duk kundin da aka yi wa haka ya mutu, tunda an raba zane da bayaninsa.

Akwai kuma abin mamaki game da takardar. Ta shekarun 1830 an yi ta ne da tsummokaran auduga da lilin, don haka ta kan fi ƙarko. Ta ƙarshen ƙarnin kuwa da ɓargon itace aka yi ta, tana ɗauke da sinadari mai cin ta daga ciki har ta yi ja ta riƙa karyewa. Sau da yawa tsohuwar ta fi ƙanwarta lafiya.

Nijeriya ma tana da rabo a wannan tarihi. Mujallun 'yan mishan irin su Church Missionary Gleaner sun buga zane da labaran Abeokuta da na yankin kogin Neja. Sai dai mai karatu ya yi hattara, domin da yawa daga masassaƙan ba su taɓa taka Afirka ba, zanen matafiya suka kwafa. A Abeokutan ne kuma Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin a 1859, jaridar farko a ƙasar nan, wadda ta tsaya a 1867.

Ga wanda zai ajiye irin waɗannan takardu a Abuja, abokan gaba sanannu ne: laimar damina mai kawo fumfuna, bushewar hunturu mai sa takarda tsagewa, sai gara da kyankyaso. Ƙa'idar masu adanawa ita ce a kwantar da kundi a akwati, nesa da rana da bango mai damshi, kada a liƙe yaga da salatif, kada kuma a rufe shafi da leda mai zafi, domin ba a iya warware ta.

Waɗannan abokan gaba su ne dai ke cin fayilolin da ke jibge a rajistar ma'aikatu, tun kafin su isa ofisoshin adana kayan tarihi na ƙasa da ke Ibadan da Kaduna da Inugu. Mujallar kwabo ɗaya ta kai yau ne saboda wani ya ɗinke fitowar kowane mako, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya ajiye inda ruwa ba ya kaiwa.