Tsofaffin Babura, Sababbin Kwat: Hawan Kakan Da Ya Sa Maza Zuwa Asibiti

Yau zancen babura za mu yi, amma kada wanda bai iya hawa ba ya gudu, don ƙarshen zancen a gidan kowa zai sauka.

Ku hasko safiyar Lahadin ƙarshe ta watan Satumba a birnin Landan. Lokacin kaka ne a can, ganye ya fara sauya launi yana zubowa, sanyi ya fara leƙowa. Sai ga ɗaruruwan mutane sun jeru a kan tsofaffin babura, irin su Triumph da Norton da BSA da tsohuwar Honda, wasu ma sun girmi iyayenmu. Kowa ya ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure: kwat, laktaye, takalmi na sheƙi, ga hular kwano a ka. Ba tsere suke ba. A hankali suke tafiya, suna ɗaga wa mutanen gefen titi hannu.

Sunan wannan hawa The Distinguished Gentleman's Ride, mu ce hawan mutanen kirki. Wani mutumin Sidni ta ƙasar Ostireliya, Mark Hawwa, shi ya ƙirƙiro shi a 2012. Eh, Hawwa, amma namiji ne! Ya ga hoton wani ɗan wasan shirin talabijin na Mad Men sanye da kwat a kan tsohon babur, sai tunani ya zo masa. Mutane da yawa kallon 'yan daba suke wa masu babura, to me zai hana a fito cikin shiga ta mutunci a canja wannan kallo? A shekarar farko, kimanin mutum 2,500 suka hau a birane 64. Wani abin lura, Satumba a Sidni ba kaka ba ce, lokacin tohon itatuwa ne, don su suna kudancin duniya. A Turai da Amurka ne ranar take faɗawa cikin kaka. Haka aka riƙa yi har 2020, shekarar korona, wadda kowa ya yi hawansa shi kaɗai. Daga 2021 aka mayar da ranar watan Mayu, saboda yanayi ya fi kyau a ƙasashen arewa.

To me ya sa suke tafiya a hankali? Tsohon babur ba ya son gaggawa. Da yawansu da kika ake tayar da su, kuma in da sanyin safiya sai an ja cok an lallaɓa kafireto kafin inji ya amsa. Birkinsu na da ne, ba ya kamawa nan take irin na baburan yanzu. Ga kuma jiƙaƙƙen ganyen kaka a kan kwalta, wanda santsinsa ba ƙarami ba ne. Shi ya sa a hawan rukuni ake sa jagora a gaba, ake sa wani gwani a can baya don ya tsaya da duk wanda mashinsa ya mutu. Na tsakiya kuma ba sa bin juna ɗoɗar. Ɗaya ya ɗan karkata dama, na bayansa hagu, don kowa ya samu filin taka birki. Kuma sai wanda ya yi rajista ake gaya wa inda za a taru.

Yanzu ga inda nake son mu je. Daga 2013 suka mayar da hawan hanyar tara kuɗi don yaƙi da kansar furostet. Duk mahayi yana da shafinsa a intanet, 'yan uwa da abokai su tura gudummawa. A 2016 suka haɗa kai da gidauniyar Movember, waɗannan masu barin gashin baki a watan Nuwamba, suka ƙara da lafiyar ƙwaƙwalwar maza da hana kashe kai. Kamfanin Triumph kuma yana mara musu baya tun 2014.

Mece ce furostet? Wata 'yar ƙwaya ce kamar girman goro, tana ƙarƙashin mafitsarar namiji, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta. In shekaru suka ja takan kumbura. Sai mutum ya ga yana yawan tashi fitsari da dare, ko fitsarin na fita da ƙyar. Yawanci wannan kumburi ba kansa ba ne, kada hankali ya tashi. Amma ita kansar sau da yawa a farkonta ba ta nuna alamar komai, shi ya sa ake gwajin jini da ake kira PSA, likita ya duba ya ce ga mataki na gaba. Kuma nan ne abin ya shafe mu kai tsaye: a Birtaniya an ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 8 zai gamu da ita a rayuwarsa, amma a cikin baƙar fata 1 cikin 4 ne. Saboda haka ake ba baƙar fata shawarar su fara tuntuɓar likita tun daga shekara 45.

Bari in ba ku nawa. Ina da kawu mai wata tsohuwar Honda da ya saya tun ban zo duniya ba. Wallahi ko ƙara ta canja kaɗan sai ya ji. Duk wata zai yi juyen mai, ya goge fulogi, ya sa wa sarƙa giris. Amma shi kansa ya yi sama da shekara yana fama da fitsari, ba wanda ya sani sai mai ɗakinsa. Ranar da na daure na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ka bari mu je a duba ka," sai ya ce, "Kai yaro, wannan ba maganar da ake yi da 'ya'ya ba ce." Sai da fitsarin ya tsaya cak cikin dare muka kwashe shi. Allah ya taimaka kumburi ne kawai, yanzu yana shan magani. Amma wahalar shekara guda fa, kunya ce kaɗai ta jawo ta.

Abin da ya burge ni da masu hawan nan ke nan. Sun gane cewa in ka tara maza ka ce ku zo a yi maganar mafitsara ko damuwa, kujeru za ka gani. In ka ce ku zo a ga babur ɗin 1965, har da maƙwabta za su zo. Ana cikin duba inji, wani zai ce shi fa an yi masa gwaji bara, na kusa da shi ya tambayi yadda ake yi.

Ban ce mu ɗinka kwat mu hau titi ba. Muna da namu wuraren da maza ke sakin jiki: majalisa, teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo, gurin bakanike. Aikin da zan ba ku wannan makon ƙarami ne. In kana da baba ko kawu ko yaya da ya haura 45, ka nemi lokacin da yake cikin nishaɗi, ka tambaye shi cikin ladabi yaushe rabon da likita ya duba shi. In kunya ta hana ka, ka bi ta wajen Mama ko amininsa. In kuma abokinka ne ya yi shiru kwana biyu, ka taka ka je, kada ka tsaya a saƙon waya.

Ku rubuto mana yadda kuka yi da naku dattawan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, na bar ku lafiya.