Me Ya Sa Na'urar Nuna Hanya Kan Bi Da Direba Ta Inda Bai Zata Ba?

Direbobi da dama sun saba da muryar nan da ke fitowa daga waya tana cewa a yi dama, a yi hagu. Sai dai wani lokaci takan bar miƙaƙƙen titi ta kutsa da mutum cikin lunguna, ko ta kai shi inda hanya ta ƙare. Daga ina matsalar take?

Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita kimanin 20,200 daga doron ƙasa, ba su ke zaɓar hanya ba. Aikinsu shi ne su sanar da na'ura inda mota take. Zaɓin hanya kuwa lissafi ne a kan taswira: kowane yanki na titi an ƙiyasta mintocin da zai ci, sai a tara, a ɗauki hanyar da jimillarta ta fi ƙanƙanta. Masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, shi ya wallafa tushen wannan dabara a 1959. Ke nan ribar minti ɗaya ta isa ta sa a fifita lungu a kan babban titi.

Lissafin kuma bai san abin da ba a gaya masa ba. A 2019, direbobi kusan 100 da ke gudun cunkoso a hanyar filin jirgin saman Denba, a Amurka, sun bi shawarar Google Maps, suka faɗa wata hanyar ƙasa da ruwan sama ya mayar taɓo. Labarin cunkoson ma daga wayoyin matafiya ake tattaro shi: wani mai fasaha, Simon Weckert, ya taɓa jan wayoyi 99 a cikin ƙaramin amalanke a titunan Balin, taswira ta nuna cunkoso alhali titi fayau yake.

A ƙasashenmu, inda korama kan yanke hanya da damina, hattara ta fi zama wajibi. Kafin maigida ya tashi da iyali, ya dubi hanyar daga farko har ƙarshe, ya duba ko an umurci na'urar ta kauce wa titunan da ake biyan kuɗi, sannan ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai mu lafiya.