*GWIWAR HANNU BAYAN KARAYA KO GOCEWA: KADA KA BARI TA SANDARE*



'Yan uwa na Malisa, Gwandu, Kalgo da kewaye, yau bayaninmu a kan gwiwar hannu ne. Faɗuwa daga babur, daga kan amalanke, ko yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa da tafi, duk a nan ciwon yake tsayawa. Ƙashi yakan haɗe lafiya, amma sai ka ga mutum ya kasa kai loma baki, ya kasa shafa kai a alwala. Me ya jawo? Gaɓar ce ta sandare.

*Me ya sa take saurin sandarewa?*

Ƙasusuwa 3 ne suka haɗu a wurin: na damtse, da biyun da suka sauka zuwa wuyan hannu. Aikinta iri biyu ne: lanƙwasawa da miƙewa, sai juya tafin hannu sama da ƙasa. Lafiyayyar gwiwa tana miƙewa sak, ta lanƙwashe har wajen digiri 145. Idan aka ɗaure ta wuri ɗaya ta daɗe, jakar da ta lulluɓe gaɓar sai ta yi kauri ta tsuke. Shi ya sa gocewar da babu karaya a ciki, likitoci ba sa son ɗaurin ya wuce sati 2 zuwa 3.

*Kafin komai, a ɗauki hoton ƙashi*

Yankinmu ya san ɗori, Aliero ma ta yi suna da shi. Amma karayar da ta shiga cikin gaɓa ido ba ya ganinta. A je asibitin Kalgo, ko Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi. Babban aiki kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kada ka fara motsa hannu sai likita ya ce ƙashin zai iya ɗauka.

*Tun hannu yana ɗaure*

• Ka riƙa dunƙule yatsu kana buɗewa sau da yawa a rana.
• Ka motsa kafaɗa, don ita ma tana sandarewa.
• In ka kwanta, ɗora hannun kan filo ya fi ƙirji tudu, kumburi zai sauka.

*Bayan an kwance*

Fara da gasa wurin da tsumma mai ɗumi na minti 10, ba ruwa mai ƙuna ba. Sannan:

1. Kwanta rigingine, damtse a kan shimfiɗa. Kawo tafin hannu wajen kafaɗa a hankali, tsaya daƙiƙa 10, ka mayar.
2. Sa nannaɗaɗɗen tawul ƙarƙashin gwiwar, ka bar hannun ya miƙe da nauyin kansa.
3. Manna gwiwar a haƙarƙarinka. Juya tafi sama kamar mai karɓar canji, ka kife shi ƙasa.
4. Taɓa baki, kunne, sannan ƙeya.

Kowanne sau 10, kamar sau 4 ko 5 a rana. Ka haɗa shi da lokutan salla, ba za ka manta ba. Ɗan ja da ɗan zafi ba komai. Amma zafin da ya kai ka cije baki, ko kumburin da ya ƙaru washegari, alama ce ka wuce gona da iri, ka rage.

*Abin da ba a yi* ⚠️

Kar ka yarda wani ya danne hannun ya miƙar da shi da ƙarfi. Kar a ba ka bokitin ruwa ko dutse ka rataya wai don ya miƙe. Murza mai tsanani ma haka. Wannan na iya sa sabon ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gwiwar ta kulle gaba ɗaya. Man zaitun yana taushe fatar da ta bushe a ɗauri, a shafa sama-sama, amma ba ya haɗa ƙashi. Fartanya, jan guga da tuƙin babur su jira izinin likita. A sujada ma kada ka dogara a kan hannun, ka yi gwargwadon ikonka.

Iyaye mata, yaro daban yake da babba. Yawanci wasa kaɗai ke dawo masa da hannunsa. Kada a matsa masa.

*Garzaya asibiti nan take idan:*

• yatsu sun yi sanyi, fari ko baƙi
• zafi yana ƙaruwa a cikin ɗauri, musamman in an miƙar da yatsu
• ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu ba ka jin su
• akwai ruwa mai wari ko zazzaɓi

Ɗaurin da ya matse yana iya kashe hannu cikin awanni kaɗan. Kada a ce sai gari ya waye.

Sauƙi yakan ɗauki watanni, kuma miƙewa ce ta fi jinkirin dawowa. In sati biyu suka wuce ba ka ga canji ba, nemi likitan fisiyo, masu gashin ƙashi. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Tura wa wanda ka san hannunsa na ɗaure.